Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ma'aikatarmu Da Ke Yamai

Ranku ya daɗe Sakatare Janar, da Daraktan Kula da Ma'aikata, da Daraktan Kuɗi da Kayan Aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina rubuto muku wannan takarda daga ofishinmu na jihar Tahoua. Ni ƙaramin ma'aikaci ne ɗan rukunin B. Aikina karɓar takardu, da shigar da bayanai, da haɗa rahoton da muke aiko muku kowane ƙarshen wata, kuma na haura shekara goma a kan wannan kujera. Da gangan na bar sunan ma'aikatarmu da sunayen mutane a gefe, domin abin da zan faɗa ya girmi duk wanda ke riƙe da muƙami a yau, kuma na tabbata ma'aikata a Maraɗi da Damagaram da Agadas da Difa za su karanta su ga kansu a ciki. Mun sha rubutowa ta hannun shugabanninmu na nan kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Takardun sun tafi, amsa ba ta dawo ba. Shi ya sa na fito fili.

Kukana a kan abu biyu ne: ƙarin girman da ke maƙalewa, da kayan aikin da suka tsufa a hannunmu. A wurinku wataƙila maganganu biyu ne, kowace da daraktanta da kasafinta. A wurinmu nan magana guda ce, kuma inda suka haɗu nake so in nuna muku.

Bari in fara da abin da doka ta ba mu. Dokar aikin gwamnati da aka sa wa hannu ranar 23 ga Yuli 2007 ta kasa ma'aikata rukuni huɗu, A da B da C da D, kowane rukuni da azuzuwansa, kowane aji da matakansa. Ma'aikacin da bai yi laifi ba yana hawa mataki duk bayan shekara 2. Hawa daga aji zuwa aji kuwa sai an duba makin da shugabansa ya ba shi, kwamiti ya zauna, a sa sunansa cikin jerin waɗanda suka cancanta. Wanda ke son tsallakawa daga B zuwa A sai ya ci kwankur, wato jarrabawar gasa, ya tafi ƙaro ilimi a makarantar horar da ma'aikata ta ƙasa ko wata da aka amince da ita, ya dawo a gyara masa matsayi. Kowane hawa yana ɗaga indis, indis kuma shi ne ma'aunin albashi, shi ne ma'aunin fansho ranar da mutum ya aje aiki. Tsari ne mai kyau, ba ni da ja da shi. Waɗanda suka rubuta shi sun so yaron da ya shigo aiki da ƙuruciyarsa ya san inda zai kai idan ya yi haƙuri ya riƙe amana.

Sai dai kafin haƙƙin da doka ta ba ka ya shiga aljihunka, dole arete, wato takardar hukuma da ke tabbatar da sabon matsayinka, ya fito. Kafin arete ya fito, dole dosiyenka ya isa Yamai: takardar nema, kwafin aretenka na baya, shaidar kama aiki, takardun maki na shekarun da suka wuce, kowace an kai ta an buga mata hatimi. Mu haɗa su a nan, a zuba a ambulan, a jira mai tafiya ko a kai tasha a ba motar fasinja. Kusan kilomita 550 ne, ta Tsarnawa da Dogon Dutsi da Doso, kuma mota tana cinye su a yini guda. Amma daga ranar da ambulan ɗin ya shiga ƙofar ma'aikata, babu mai iya ce maka ga teburin da yake kai. Ka buga waya, a ce ana dubawa. Ka sake bugawa bayan watanni, a ce ba a gan shi ba, ka sake aiko wani. Wani lokaci takarda guda ce ta yi ƙafa daga ciki, kuma babu wanda zai sanar da kai. Dosiyen yana nan kwance, kai kana nan kana jira, kowa yana zaton ɗayan ya sani.

To wa ke iya bin sawun dosiye? Abokin aikinmu da ke zaune a Yamai, wanda zai sauko bene ya leƙa ofishin da abin yake, ya gaisa da mai riƙe da shi, gobe ya sake leƙawa. Mu kuwa sai mun nemi izini, mun ciri kuɗin mota daga abincin gida, mun sauka wurin ɗan'uwa a Yantala ko Talladje, mun yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi, sannan a ce mana mai sa hannu ya yi tafiya. Akwai waɗanda muka shigo aiki rana ɗaya, lambobin matirkil ɗinmu suna bin juna, takardar shaidar karatunmu iri ɗaya. Su aka bar su a babban birni, mu aka turo mu jiha. Yau na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Ba na yi musu hassada, haƙƙinsu suka samu a kan lokaci. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda ya taɓa auna aikina da nasu ya ce nasu ya fi. Nisa kawai aka auna.

Na san za a ce ai idan arete ya fito ana biyan rapel, kuɗin baya ba ya ɓacewa. Gaskiya ne, ana biya. Amma buhun hatsin da ya kamata in saya lokacin kaka da arha, rapel ɗin da ya zo bayan shekaru ba zai saya mini shi a wancan farashin ba, kuma kuɗin lakwal ɗin yara ba ya jiran arete. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kwankur. Idan aka buɗe shi ana neman aretenka na ƙarshe da shaidar shekarun da ka yi a matsayinka. Wanda takardunsa ke maƙale ba zai iya cika sharaɗi ba, ko da a zahiri ya cika shi tuntuni. Ita kanta sanarwar sau da yawa hotonta muke gani a WhatsApp, wani ya ɗauka a jikin allon sanarwa na Yamai, rubutun ya dushe, ranar rufewa ta matso. Kafin ka haɗa takardu ka buga hatimi ka kai tasha, an rufe. Shekara ta wuce, shekarun haihuwa suna ƙaruwa, wata rana a ce ka wuce iyaka. Wannan asarar babu rapel ɗin da ke biyan ta.

Akwai wani dattijo a ofishinmu, dukanmu Baba muke ce masa, ya kusa aje aiki. A aljihun teburinsa yana da wata leda mai kauri da ya ɗaure da roba. Duk takardar da gwamnati ta taɓa ba shi tun ranar da ya kama aiki tana ciki, wasu da keken rubutu aka buga su, sun yi ja, ya liƙe gefensu da salatif don kada su yage. Kwanakin baya aka aiko masa cewa akwai takardar makin wata shekara da babu ita a dosiyensa, kuma sai da ita za a kammala lissafinsa. Na ga yadda ya kwance ledar ya baje takardun a kan tebur, ya gyara tabarau, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ya samo ta sai ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, je ka yi mini fotokopi, ka dawo mini da tawa a hannuna. Kai ma ina yi maka wasiyya, kada ka taɓa rabuwa da takardarka ta asali." Na ce, "To Baba." Injin fotokopinmu ya daɗe da mutuwa, sai na hau kabu-kabu na shiga gari na yi masa. Mutumin da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa gaba ɗaya, tarihin aikinsa bai da wurin zama amintacce sai ledar da ke aljihun teburinsa. Da gobara ko ruwan sama sun taɓa ta, da fanshonsa ya taɓu.

Wannan ya kawo ni kan kayan aiki.

Kwamfutar da ke gabana tana aiki da Windows 7. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa wannan manhaja gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. A ofishin da ke kusa da nawa akwai wadda har yanzu Windows XP ke kanta, wanda aka daina kula da shi tun Afrilu 2014. Ko Windows 10 da muke ganin sabo ne, wa'adinsa ya cika a Oktoba 2025, kuma injinanmu ba su da ƙarfin ɗaukar wanda ya biyo bayansa. Ma'anar wannan a aikace ita ce duk wata ɓaraka da aka gano a cikin manhajar bayan waɗannan ranaku tana nan a buɗe, babu mai toshe ta. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, kuma ta ɓarakar Windows da ba a toshe ba ta shiga. Mu namu bai kai can ba tukuna, amma ƙaramin sa muna sha kullum. Da yake injinan ofis ba su haɗe da juna, da kile, wato ɗan abin ajiyar fayil na USB, muke kai aiki daga tebur zuwa tebur, da shi muke zuwa shagon buga takardu a gari. Kile guda ya kwaso cuta, kafin sati ya zagayo ta bi dukan ofis. Ka buɗe ka tarar manyan fayiloli sun ɓuya, sai gajerun hanyoyi marasa amfani a madadinsu, aikin wata guda ya tafi.

Da safe idan na kunna ta, ina iya zagayawa in gaida kowa in dawo ba ta gama tashi ba. Ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a garin nan, sai ta yi ta gurnani ta mutu da kanta. Na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, batirinta ya mutu shekaru da suka wuce, saboda haka ko ƙiftawa wutar ta yi, abin da ban adana ba ya tafi. Fayil ɗin da kuke aiko mana daga Yamai da sabuwar manhaja aka yi shi, tamu tsohuwa ce, idan ta buɗe shi sai layuka su watse, lissafin da ke ciki ya rikice. Sai in zauna in sake buga komai da hannu. Idan kuskure ya shiga, a kan takardar makina ake rubuta shi. Kamar a ba manomi hauyar da bakinta ya dushe ne, a auna masa gona daidai da ta kowa, da la'asar a ce ya cika nawa.

Intanet kuwa, igiyarta ta ƙarƙashin ƙasa ta iso Tahoua, amma ba ta iso teburinmu ba. Rahoton da kuke karɓa kowane wata, da wayoyinmu muke tura shi, da forfen da muka saya da kuɗinmu, wani lokaci Airtel, wani lokaci Moov ko Zamani, duk wanda ya fi kamawa a ranar. Ina roƙonku ku tsaya a kan wannan, domin ya wuce maganar aljihunmu. Takardun da muke ɗauka hoto muna turawa ta WhatsApp, akwai sunayen mutane a ciki, da ranakun haihuwarsu, da lambobin wayarsu, wani lokaci har da abin da ya shafi kuɗinsu. Suna kwance a wayar ma'aikaci, wayar da yaro ke wasa da ita da dare, wayar da ake sacewa a kasuwa, wayar da ake kai wa mai gyara. Ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, ta kafa hukumar HAPDP don tsaron ta. Mu da ya kamata mu zama na farko wajen bin ta, kayan aikinmu sun tilasta mana taka ta kowace rana. Haka adireshin imel: kowa da nasa na Gmail ko Yahoo yake aikin gwamnati. Ranar da aka canza wa mutum wurin aiki, wasiƙun shekaru su bi shi su tafi, wanda ya gaje shi ya fara daga fari.

Yanzu ku dubi inda maganganun biyu suka haɗu. Dosiyen ma'aikaci yana ɓacewa ne saboda takarda ce, kuma takarda ce saboda babu rumbun bayanan da ofishin jiha zai iya buɗewa ya ga tarihin ma'aikacinsa. Da akwai shi, da ranar da shekara 2 ta cika na'ura za ta fitar da sunana da kanta, ba sai na roƙa ba, ba sai na aika kwafin areten da ku da kanku kuka buga ba. Kullum wannan na ba ni mamaki: takardar da ta fito daga hannunku, ni ake nema in kawo muku shaidarta. Duk inda aiki ya dogara da wanda ya tuna da kai, sanayya za ta shigo ko ba a gayyace ta ba. Ba sai wani ya yi niyyar zalunci ba. Mai teburin da ambulan suka yi masa tsibi, na wanda ke tsaye a gabansa zai fara zarowa.

Akwai kuma wata fuska da na fi jin zafinta, domin ta taɓa ni kai tsaye. A ofis irin namu, duk wanda ya koyi lallaɓa tsofaffin injinan nan, ya san yadda ake ceto fayil daga kile mai cuta, ya iya haɗa teburin lissafi, to ya zama turken ofis. Ni da kuɗina na koya, da dare, a waya. Na saya wa kaina ƙaramar kwamfuta ta hannu na biyu, da ita nake kammala rahoto a gida idan ta ofis ta ƙi. Wannan ilimi babu inda aka rubuta shi a dosiyena, babu layin da takardar maki ta ware masa. Amma idan zancen tafiya sitaj, wato ƙaro ilimi, ya taso, sai a dafa kafaɗata a ce, "Haba, idan ka tafi wa zai riƙe mana rahoto? Ka yi haƙuri sai baɗi." Shugabana ba mugu ba ne, shi ma tsoron tambayarku yake ji idan rahoto ya makara. Amma sakamakon shi ne wanda ofis zai iya rayuwa ba tare da shi ba, shi ake saki ya tafi karatu, ya dawo ɗan rukunin A, a ɗora shi a kan wanda aka riƙe. Ƙannenmu suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne kada ka bari a san ka iya. Ranku ya daɗe, ma'aikatar da ta koya wa yaranta ɓoye basira ta yi asarar da ba a gani a kasafin kuɗi.

Yaran ma ba sa zama. Jami'ar Djibo Hamani tana nan cikin garin Tahoua, an kafa ta tun 2010, kowace shekara tana yaye matasa da suka karanci lissafin kuɗi da gudanarwa da sarrafa kwamfuta. Wasunsu suna zuwa mana bautar ƙasa na shekara 2. Suna shigowa da zafinsu, cikin sati ɗaya sun ga abin da za a gyara. Wata yarinya da ta yi bautar ƙasa tare da mu ta tsara mana hanyar rajistar takardu masu shiga da fita, wadda da an karɓe ta da ta rage mana wahala mai yawa. Aka yaba mata, aka ce sai an ji daga sama. Wa'adinta ya cika ta tafi, abin da ta tsara ya tafi da ita a kwamfutarta, yau tana aiki da wani poroje. Ƙwararrunmu na dindindin ma hanyar da suke bi ke nan, da sun samu ƙofa a ƙungiyoyi masu zaman kansu sai su nemi hutun dogon lokaci. Mu Adarawa mun san tafiya bida, kakanninmu da iyayenmu sun yi ta zuwa Abijan da sauran garuruwan gaɓar teku. Amma wanda ya zaɓi zama gida ya yi wa ƙasa aiki, bai kamata a sa shi ya riƙa jin shi ne ya yi wauta ba.

Ban manta halin da ƙasa ta shiga ba. Bayan 26 ga Yuli 2023 an ƙaƙaba mana takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da muke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga gare ta, aka zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, kuma sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Ga matsalar tsaro da ke cin kuɗi da rayuka, wadda mu a jihar nan mun fi kowa sanin ta. Mun yi haƙuri, kuma za mu ci gaba da yi. Amma injinan nan sun tsufa tun kafin takunkumi, dosiyoyi suna ɓacewa tun kafin takunkumi. Kuma akasarin abin da zan roƙa ba kuɗi yake ci ba, umarni yake buƙata.

Abu na farko, a ba kowane dosiye lamba ranar da ya shigo, a aiko wa mai shi saƙon waya cewa an karɓa, idan akwai abin da ya rage a faɗa masa a cikin saƙon. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna yi wa talaka wannan a kan jika biyu da ya tura ƙauye, ban ga abin da zai hana ma'aikatar gwamnati yi wa ma'aikacinta ba. Kafin kwamitin ƙarin girma ya zauna, a aiko da jerin sunayen waɗanda lokacinsu ya yi zuwa kowace jiha, a liƙa a allo, a ba mutane lokaci su duba su yi ƙorafi idan an tsallake su. Bayan ya zauna a sake aiko da sakamako, wanda bai samu ba a gaya masa dalili a rubuce. Mutum yana iya haƙuri da "a'a" idan ya san dalilinta, shiru ne ke kashe gwiwa. Sanarwar kwankur da ta sitaj kuma ta iso jihohi rana ɗaya da Yamai, a kuma yarda a ajiye takardu a ofishin jiha, ranar da aka karɓa a nan ita ce ranar da za a lissafa. Idan shugaba ya hana ma'aikaci tafiya karatu saboda buƙatar aiki, to ya rubuta, kuma kada a hana mutum ɗaya sau biyu a jere.

Game da injina, ba na cewa a saya wa kowa sabuwa gobe. A fara da ƙidaya ta gaskiya: nawa ke aiki, nawa suka mutu, wace manhaja ke kan kowace. Da yawa daga cikinsu idan aka canza musu ma'ajiyar bayanai zuwa irin ta zamani, aka ƙara musu ƙwaƙwalwa, aka busa musu ƙura, za su ƙara shekaru, kuma kuɗin hakan bai kai rabin na sabuwa ba. Waɗanda ba za su ɗauki sabon Windows ba ana iya sa musu Linux da LibreOffice, kyauta ne, ana aiko musu gyaran tsaro, kuma sun isa rubutu da lissafin da muke yi, muddin an horar da mutane kuma Yamai da jihohi sun daidaita a kan nau'in fayil guda. Idan za a yi saye, a haɗa da kuɗin tawada da batir da mai gyara na shekaru masu zuwa, domin ɗakin ajiyarmu cike yake da injinan da poroje suka bari, lafiyarsu lau, abu ɗaya ƙarami ya tsayar da su. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. A Malbaza, nan cikin jiharmu, tashar hasken rana mai megawat 7 tana aiki tun 2018. Ƴan faranti kaɗan a kan rufin ofis da batir mai kyau sun isa riƙe kwamfutoci da intanet idan an ɗauke wuta.

A ba mu layin intanet na ofis da adireshin imel na hukuma, a ware wurin adana fayiloli da ba ya bin mutum idan an canza masa wurin aiki. Gwamnati tana da hukumar da aka kafa don irin wannan aiki, kuma an sa mayar da ayyukan gwamnati kan na'ura cikin ginshiƙan shirinta na fasahar zamani mai suna Niger 2.0. Ku nemi taimakonta, ku ce a fara da dosiyoyin ma'aikata, a ɗauki hoton kowane arete da kowace takardar maki a adana, a fara da na waɗanda suka kusa aje aiki irin su Baba. Idan ana neman hannun da za su yi, ga mu, ga ƴan bautar ƙasa, mun yarda mu yi har ranar Asabar. Sai dai a rubuta aikin a dosiyenmu, a buɗe wa irin wannan ƙwarewa gurbi a takardar maki, a kuma samar da jarrabawar da wanda ya koya da kansa zai zauna ya samu shaida.

Ina kuma gayyatarku ku zo Tahoua. Kun saba zuwa, amma idan an san da zuwanku ana share harabar ofis, a jera kujeru, a aro injin da ke aiki a aza a gaba. Ku zo a kwanakin ƙarshen wata ba tare da sanarwa ba, lokacin da muke haɗa rahoto. Ɗayanku ya zauna a kujerata ya kunna kwamfutar da hannunsa, ya buɗe fayil ɗin da ofishinsa ya aiko, ya gwada tura shi. Sannan ya kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban shugabansu ba, ya tambayi kowa ranar aretensa na ƙarshe.

Amsar da nake jira ba ta kaina ba ce ni kaɗai, shi ya sa ban sa lambar matirkil ɗina ba. Ina roƙon ta zo a takardar umarni da za a aika wa dukan jihohi 8, a liƙa ta inda kowa zai karanta, da ranar da za a fara aiki da kowane abu, kuma ta riga zaman kwamitin ƙarin girma na gaba isowa.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam,
Ma'aikaci ɗan rukunin B, ofishin jiha, Tahoua.